Taransfomar Injinmu da Wutar Garinmu



Mu huɗu ne a Wudil muka haɗa kuɗi don ƙera ƙaramin injin CNC, wato injin da kwamfuta ke ba shi umarni ya sassaƙa katako ko ya zana rubutu a jikin allo. Biyu daga cikinmu ɗalibai ne a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ɗaya kafinta ne, ɗaya kuma mai gyaran rediyo. Ƙarafa da moto ba su jawo gardama ba. Abin da ya ɗauke mu makonni muna muhawara shi ne taransfomar da za ta ba injin wuta.

Dalili kuwa a fili yake. Injin yana da moto uku, kowanne da allon da ke sarrafa shi, wanda ake kira direba. Namu DM542 ne, kuma a jikinsa an rubuta cewa yana aiki daga bolt 20 zuwa 50. Da zarar wuta ta haura hamsin, allon zai iya ƙonewa. Kuɗin alluna ukun nan tarin watanni ne, ba mu da na sayen wasu.

Mai gyaran rediyon ne ya fara tuna mana lissafi. Lambar da ke jikin taransfoma ba ita ce za ta isa wurin direba ba. Idan wutar ta bi ta rektifaya da kafasita, takan ƙaru da kusan kashi 41 cikin ɗari, sannan a cire bolt ɗaya da rabi da ke salwanta a hanya. Don haka taransfoma mai bolt 36 za ta ba da kusan 49 da rabi. A takarda ba ta ƙetare iyaka ba, kuma ita ce za ta fi sa injin gudu. Ɗaliban cikinmu ita suka so.

Sai dai wannan lissafin ya dogara ne a kan cewa soket zai ba da bolt 230 cif, kamar yadda ƙa'idar Najeriya take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun yi mako guda muna sa mita a soket ɗin shagon safe da yamma. Wani lokaci wutar layi takan sauka kusa da 180, janaretanmu kuma yakan kai 250 idan ba a ɗora masa kaya ba. Taransfoma ba ta da hankalin gyara wannan: abin da ya shiga ya ƙaru, abin da zai fita ma ya ƙaru. A kan 250, mai bolt 36 ɗin nan za ta tura wa direba kusan 54. Ga shi kuma moto idan yana rage gudu yakan maido da wuta baya, lambar ta ƙara hawa.

Shi ya sa muka tsaya a kan mai bolt 30. A wuta daidai tana ba da kusan 41, a 250 ba ta kai 45 ba, a 180 kuma tana nan wajen 32. Duk inda wutar ta karkata, muna cikin gida.

Sai batun ƙarfi. Kowane moto amfiya 3 ne, jimilla 9, amma masu wannan aiki sukan lissafa kashi biyu cikin uku, wato 6, domin direba ba ya jan duka daga tushe. Shida sau 41 ya kama wat 250 ke nan. Mun nemi mai VA 500, saboda kafasita kan sa taransfoma ta yi aiki fiye da abin da lambar ta nuna, kuma a watan Afrilu zafin nan yakan wuce digiri 40. Taransfomar da aka gwada a ɗaki mai sanyi ba ta san rufin kwanon shagonmu ba.

A Sabon Gari a Kano mun ga masu araha cikin kayan Kwatano. Wasu na Amurka ne, an yi su don bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa, alhali namu 50 ne. Ko da bolt ɗin ya dace, wadda aka naɗa daidai wa 60 takan yi ƙugi da zafi a kan 50. Wasu kuma wayarsu alminiyom ce mai launin jan ƙarfe. Ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka kankare bakin wayar ka ga fari. Araha ba ta ado. Mun ɗauki mai siffar gammo, ta jan ƙarfe, muka sa mata fiyus mai jure fizgar farko, domin irinta takan ja wuta da yawa lokacin kunnawa. Mun kuma ɗaura wa kafasita abin da zai zuƙe ragowar wutarta bayan an kashe, muka haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa, tunda akwai yara masu shigowa kallo.

Gaskiya ne mun sadaukar da ɗan gudu. Allon suna da zai ƙare da wuri yakan ɗan ƙara mintuna. Amma duk wanda zai ƙera irin wannan a Wudil, ko Gaya, ko Garko, shawararmu ita ce ya fara aron mita kafin ya buɗe jadawalin da aka rubuta a wata ƙasa. Ya auna wutar gidansu na kwana bakwai, ya ɗauki lamba mafi girma, ya yi lissafinsa a kanta.

Masu naɗin taransfoma da ke cikin wannan zaure, muna jiran gyaranku da ƙarin bayani.