Kogin da ke cika sau biyu a rana

Mu mutanen Pitowa da Garwa mun san kogi sau ɗaya yake kawowa a shekara. Binuwai ya cika da damina, rani na yi ya lafa, masu ɗiban yashi su shige shi. Kakana ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Garwa, kuma yakan ce jiragen da ke tasowa daga Burutu wata biyu zuwa uku kacal suke samu: su sauke gishiri da siminti, su kwashi auduga da gyaɗa, su juya a guje kada ruwa ya janye ya bar su bisa rairayi. Tun kafin a gama madatsar Lagdo a 1982 harkar ta fara ja da baya. Yau audugarmu mota ke ɗauka zuwa Ngaundere.

Da wannan sanin na isa Hul, a bakin kogin Hamba na Ingila. Da hantsi ɗan ƙanwata ya kai ni gaɓa, na tarar da laka fetal, ƙananan jirage sun kishingiɗa a ciki kamar shanun da suka ƙoshi. Na ce, "Ashe ku ma rani kuke ciki." Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kawu, mu je mu ci abinci mu dawo."

Da la'asar muka komo. Ikon Allah! Ruwa ya haye bango wajen mita 6, launinsa sak kunun kanwa, jiragen nan duk sun miƙe suna rangaji. Teku ce ke turo shi, ita kuma wata ke janta, sau biyu kullum, kuma cikar gobe takan makara da kusan minti 50 a kan ta yau. Masu jirage na riƙe da jadawalinta kamar yadda ladan ke riƙe da na salla. Manyan jirage kuwa ƙofofin ƙarfe ake rufe musu, a tsare musu ruwa a cikin tasha.

Ya nuna mini masana'antar Siemens Gamesa da aka buɗe a 2016, inda ake ƙera fukafukan injinan da ke samar da lantarki daga iska. Guda ɗaya ya haura mita 70. Ya yi zancen gadar da aka buɗe a kan Hamba a 1981, mai tazarar mita 1,410 tsakanin ginshiƙanta biyu. Gaskiya kunnena kawai ke wurinsa, idona na kan ruwa.

"Kawu, sanyi fa ya fara."

Na gyara wuyan rigata na ce, "Dakata, sai na ga tafiyarsa da idona."