Makin Katin Banki: Haƙƙi Ne Ko Riba?



Ya ɗan'uwa, kafin ka ɗaga murya kan abin da banki ya hana ka, fara tambayar kanka ko halal ɗinka ne. A shekarar 2000, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad, ta haramta katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Ladan da ke rataye da irin wannan kati, barinsa ya fi aminci.

Katina na cirar kuɗina ne. Bankin ya yi alkawarin maki a kan kowace sayayya, na tara su da niyyar sayen littattafai ga marayun ajinmu na Islamiyya a Tudun Jukun. Wata rana aka share su ba sanarwa. Na tambayi malamina, ya ce kyauta ce a kan ciniki, ba a kan ajiya ba, don haka tana halatta, ko da yake wasu malamai na tsantseni.

Sai na rubuta ƙorafi, na karɓi lambar shaida. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce a fara da bankin, in bai warware ba a kai wa sashenta na kare haƙƙin abokan hulɗa. Har yanzu ina bibiya, domin Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta fara, kuma littattafan marayu ne.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu. Wassalam.