Akwatin fanfon sola: kada yaro ya canja abin da bai lalace ba

Ina koyar da gyaran kayan lantarki, kuma abin da aka fi kawo wa ɗalibaina a ƴan shekarun nan shi ne akwatin da ke sarrafa fanfon sola na masu lambu. Ƙorafin kusan iri ɗaya ne: fanfo ya tashi, nan take ya mutu, akwati ya nuna wai wuta ta yi yawa. Mai lambu kuwa albasarsa ba ta jiran gobe. Sai ka ga hannun yaro ya nufi ƙaramin ampilin da ke auna gudun wuta zai cire shi. Ni kuma nakan ce masa ya dakata, domin sau da yawa ba nan gizo ke saƙa ba.

Ga yadda awon yake. Ana sa ƙaramar rezistans a kan hanyar wuta, misali mai miliyom 10. Idan amfa 5 suka ratsa ta, sai a samu milibolt 50 tsakanin ƙafafunta. Ampili ya riɓanya shi sau 20, ya zama bolt 1, ƙwaƙwalwar akwatin ta karanta. Wato aikin duka ya rataya ne a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Shi kuma injin fanfo naɗin waya ne, bobin, kuma bobin ba ya yarda a katse masa wuta farat ɗaya. Faraday ya gano tushen wannan a 1831, Lenz ya ƙara bayani a 1834. Nakan sa ɗalibai su yi lissafin da kansu: bobin mai milihenri 1, amfa 2 na bi ta cikinsa, aka katse cikin mikrosakan 10, zai mayar da bolt 200, ko da batirin na bolt 24 ne. Akwatin kuwa yana kunnawa da kashewa sau dubbai a kowane sakan. Ampilin da ke sauraren milibolt 50 ne ake buga wa wannan tsawa a kunne. Ina laifinsa in ya faɗi abin da ba shi ba?

Shi ya sa na kafa musu tsari. Da farko a duba fanfon kansa, don in yashi ya riƙe shi, da gaske yake jan wuta, awon bai yi ƙarya ba. Sannan a cire injin, a sa rezistans mai ƙarfi a madadinsa. In awo ya daidaita, ampili lafiyarsa ƙalau. Daga nan a gwada diyod ɗin da ke ba wutar bobin hanyar komawa. A duba wayoyin awo guda 2: su fito daga ƙafafun ƙaramar rezistans ɗin daidai, a murɗe su tare, su yi nesa da manyan wayoyin inji. Miltimeta ba ta ganin tsallen da ke wucewa cikin mikrosakan, sai osiloskop. A ƙarshe a karanta takardar ampilin a ga iyakar abin da yake ɗauka. INA240 na kamfanin Texas Instruments, alal misali, yana aiki daga bolt 4 ƙasa da sifili har zuwa 80, kuma don irin wannan aiki aka ƙera shi. Wani ampilin kuwa ko ɗan saukar da diyod ke jawowa ƙasa da sifili ya isa ya ruɗa shi.

Malamai ƴan'uwana, yaron da ya iya canja kaya kawai zai sa mai lambu ya biya kuɗi sau 2, matsala kuma tana nan. Mu tambaye shi dalili kafin mu bar shi ya taɓa. Ku kuma iyaye, in kun ga ɗanku ya wuni a kan akwati ɗaya yana awo yana rubutu, kada ku ce sanyin jiki ne. Wanda manoma za su riƙa nema har gida ke nan.