Furen Ban Kwana

Mu 'yan aji shida, kwanakinmu a makaranta sun kusa ƙarewa. Kowa yana so ya bar wa abokinsa abin tunawa, ga shi aljihunmu babu nauyi. Shi ya sa muka koma ga furannin da ke bayan ɗakin kwananmu.

Ɗanyen fure ba ya kwana uku bai yi yaushi ba, kuma ruwan jikinsa ne ke ruɓar da shi. In an raba shi da ruwan, sai ya yi shekaru. Mukan tsinko shi da hantsi bayan raɓa ta bushe, mu shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, mu danne da manyan littattafai. Bayan kwana biyu mu sake takarda, kada ya yi fumfuna. Cikin mako 2 zuwa 3 ya bushe sarai, da hunturu ma ya fi sauri. Mai kauri kuwa, sai mu rataye shi kai ƙasa a inuwa.

Sa'an nan mu manna shi a kati, mu rubuta suna da shekara, mu ɓoye shi daga rana don kada launinsa ya koɗe.

Ƙannenmu, ku fara da wuri. Ba a busar da fure ranar rabuwa.