Mai Jego da Ciwon Ƙwaƙwalwa

A wani ƙauye na ƙasar Kano akwai wani manomi wanda matarsa ta haifi ɗa namiji, haihuwar fari. Aka yi suna lafiya, aka ci gaba da wankan jego. Bayan suna da kwana uku sai barci ya ƙaurace mata. Ta kan kwana tana surutai, wani lokaci ta ce ɗan ba nata ba ne, har ta ƙi ba shi mama.

Nan da nan kowa ya kawo nasa bayani. Waɗansu suka ce iska ce ta buge ta a bayan gida, waɗansu suka ce sammu ne. Mijin ya sayar da awaki biyu, aka yi hayaƙi da turare, abin sai gaba yake yi. Daga nan wani kawunta ya ce a kai ta gidan mari a sa ta a turu. Uwarta kuwa ta ce sai dai a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki, don kada a ce akwai hauka a danginsu, ƙannenta su rasa mazan aure. A wannan jayayya aka cinye wata guda.

Ran nan mijin ya tafi asibitin shan magani neman wa jaririn madara. Da malamin asibiti ya ji labari sai ya ce, "Malam, wannan ciwo ne sananne, yana kuwa da magani. Ka kai ta babban asibiti tun gobe, kada kuma a bar ta ita kaɗai da yaron."

Ya koma gida ya durƙusa gaban surukarsa ya ce, "Inna, ku yi mini izini in kai ta. In an ji kunya, ni na ji." Da kyar ta yarda, amma ta ce ƙafarta ƙafar 'yarta.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Suka biya kuɗin mota na mutum uku, suka yanki kati, suka zauna tun hantsi har azahar, domin marasa lafiya da yawa, likitoci kaɗan. Da likita ya duba ta sai ya bayyana musu cewa ciwon yana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu da suka haihu, ya kan kuma fara cikin mako biyu na farko. Ba laifinta ba ne, ba kuma na kowa ba. Aka ba ta gado, uwarta na jinya. Bayan mako uku ta fara barci, ta nemi a kawo mata ɗanta.

Da suka koma gida ta ji sauƙi, sai suka ga kuɗin magani ya yi nauyi, suka daina saye. Ba a daɗe ba ciwo ya dawo, tilas aka sāke komawa, aka kashe ninkin abin da ake gudu. A nan suka gane cewa likitan da ya sa magani shi ke da ikon tsayar da shi. Ya kuma gargaɗe su, in ta sāke samun ciki su sanar da shi da wuri, gama ciwon ya kan dawo a wata haihuwar.

Jama'a, jinya tare da dangi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Likita Thomas Lambo ya fara wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke sauka a ƙauyuka tare da 'yan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Tsohuwar dokar 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi kula da tsare mutum. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta ba mai wannan ciwo haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.

Neman magani ba ya hana addu'a. Wannan baiwar Allah yanzu tana daka, tana zuwa kasuwa, ɗanta har ya fara tafiya. Uwarta, wadda da ta so a ɓoye ta, ita ce ke raka matan unguwa asibiti in sun ga irin waɗannan alamu. Wanda duk ya ga mai jego ta kasa barci, tana magana ba kan gado, to, kada ya tsaya jira, ya kai ta wurin likita. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.