Kaba ɗiyar goruba ce

Ina so in ba ka labarin wani icce da ka sani sarai, watau goruba.

Ni mutumin Tebaram ne, yamma da Tawa. A shekarar 1984 ina yaro. Ruwa bai yi ba, hatsi ya ƙone a gona, rumbunmu ya zama wofi. Babana ya tafi cin rani Nijeriya. Innarmu ta rage da mu, mu biyar. Kullum da asuba sai ta tafi kwari ta yanko kaba. Ta shanya ta, ta tsaga, ta saƙa tabarma da faifai. Ran kasuwa ta sayar, ta auno tiya ɗaya ko biyu. Mu kuwa yara muna gaigayar ƴaƴan goruba don mu rage yunwa. Da haka Allah ya fisshe mu.

To, ka lura da inda goruba take tsirowa. Ba ka cika ganinta bisa tudun rairayi ba. Kwari take so, da bakin tabki, inda ruwa yake kusa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa tsofaffi suke duba wurin goruba in za su gina rijiya. Tana jure zafin rana da fari, don saiwarta tana bin laima. In ta girma takan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Giginya da dabino ba su yin haka. Akwai namiji, akwai mace. Macen ce take ƴaƴa, amma sai da namiji a kusa.

Amfaninta yana da yawa. Ɗanyen ɗa yana da kwalshi mai taushi a ciki, ana ci. In ya nuna ya bushe, a daka a turmi, a tankaɗe garin, a zuba a kunu. Ƙodagon yana kama wuta sosai. Kaba kuwa, ga tabarma, ga igiya, ga malfa. Har a ƙasar Masar an sami ƴaƴan goruba cikin kaburburan sarakunan dā, kuma har yau suna dafa ta suna sha kamar shayi. Mutane da yawa suna jiƙa ta su sha saboda hawan jini. Sha ba laifi ba ne. Amma in likita ya ba ka ƙwaya, kada ka bari. Ka koma a riƙa auna ka.

Ga abin da ke damuna. Kwarin da innata take yankan kaba, yau manyan goruba ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kaba tana nan, amma ba ta tashi. Me ya sa? Mu ne. Lokacin sassabe mu sare ta, mu sa wuta. Masu saƙa su yanke har zuciyar. Mun manta kaba ɗiyar goruba ce. Wadda ake sarewa kowace shekara ba za ta yi tsawo ba, balle ta yi ƴaƴa. Tun dokar gandun daji ta 1974 aka sa goruba cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini. Amma doka ba ta kwana a gonarka. Kai ne kake kwana da ita a zuciya.

Ga abin da na yi a gonata. A kowane kurmin kaba na zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Na ɗaura musu tsumma don kowa ya gane. Na ce da iyalina su yanki ganyen gefe, su bar zuciyar. Sauran kaba muna yanka kamar kullum, hatsi kuma bai ragu ba. Yanzu jikokina suna tsintar goruba a gindin waɗanda na bari.

Bana, kafin ka ɗaga gatari, tsaya ka duba. Bar guda ɗaya. Ba mu san shekarar da ƴaƴanmu za su neme ta ba. Allah ya ba mu damana mai albarka.