Motar da wani ya fara, ni na ƙarasa

A Ingila akwai irin motar da ba a sayenta a haɗe. Ƙashinta na ƙarfe da bodinta da wayoyinta ake kawo wa mutum a kwalaye, ya shiga garejinsa ya harhaɗa da hannunsa. Fitacciya a cikinsu ta Colin Chapman ce, mai kamfanin Lotus, wanda ya fito da Lotus Seven a 1957: kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa, nauyinta kusan rabin tan. A wancan zamani motar da aka saya a warwatse ba a biya mata harajin saye, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi suka rungume ta. A 1973 Caterham ta sayi haƙƙin ƙera ta, daga baya ƙananan kamfanoni suka yi ta kwaikwayon siffarta. Ɗaya daga cikin irin waɗannan na saya lokacin da nake aiki a Lesta, ban taɓa kwance ko fulogi ba.

Kuma rabin haɗi na saya. Mai ita dattijo ne, ciwon gaɓoɓi ya hana yatsunsa riƙe sifana, motar ta yi shekara da shekaru a lulluɓe da tamfol. Tana tsaye a kan tayoyinta huɗu, injin yana zaune a mazauninsa, sitiyari yana juyawa. Injin da akwatin giya da ƙafafun baya duk daga tsohuwar Ford Sierra aka ciro su, motar da aka daina ƙerawa a 1993, wadda masu wannan aiki ke nema saboda tayoyin baya ne ke tura ta. Ya miƙo mini jakar rasidai da hotuna da takardar Sierra ɗin, ya ce ɗan aiki kaɗan ya rage. Na tabbata har zuciyarsa ya faɗa.

Wanda ya sayi kango a linta ya san abin da na tarar: ginin yana tsaye, amma ba ka san abin da aka zuba a harsashi ba. Kowane noti da ke jikin motar hannun wani ne ya ɗaure shi, kuma ba ni da hanyar sanin wanne ya ɗaure sosai, wanne ya maƙala da niyyar dawowa gobe. Wani maƙwabcina da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya leƙo, ya kama notin da ke riƙe da ƙafar gaba, ya murza shi da yatsu biyu, ya fito. Daga ranar na yanke shawarar kwance komai har ƙashi.

Matata ta tsaya a ƙofar gareji ta ga motar da ta shigo a kan tayoyi ta koma tarin ƙarafa a kan katako.

"Maigida, wai gaba ake yi ko baya?"

Na ce mata gaba ne, kuma har yau ina kan wannan magana. A kwancewar nan na san motar. Kowane abu na ɗauki hotonsa kafin in taɓa, na sa shi a leda, na rubuta inda ya fito. Na sayi sifana mai awon ƙarfin ɗauri, duk notin da na ɗaure daidai awonsa sai in ɗiga masa jan fenti, don ido ya gaya mini abin da ƙwaƙwalwa za ta manta.

Birki ne ya fi cin lokacina. Bututan man birki siraran ƙarfe ne da ake buɗa bakinsu da wani ɗan matsi, su zauna daram a mahaɗa. Na tarar da biyu bakinsu ya tsage, tsagar da sai ka kawo fitila kusa za ka gani, ɗaya kuma yana goga jikin ƙashi inda girgiza za ta ci shi a hankali. Na sayi naɗin bututu na zauna ina koyon buɗa baki a kan guntaye, har hannuna ya gane lokacin da ƙarfen ya zauna. Ɗana ne ya taka mini feda ranar da muka fitar da iska. Ina kwance a ƙasa ina cewa "Taka, riƙe, saki," yana amsa "To, Baba," har kumfa ta ƙare a cikin kwalba, fedar ta yi tauri. Wayarin kuwa gaba ɗaya na sake shi, domin dattijon ya yi amfani da jar waya kusan ko'ina.

Ranar tayar da inji ta zo, ya ƙi. Sai tari yake yana harbi ta kafireta. Na kira kawuna a Kano, wanda ya tsufa a gyaran Peugeot 504 da sayen kayan gyara a Ƙofar Ruwa. Ya ce in ajiye wayar kusa da injin in murza makulli. Ya saurara sau ɗaya.

"Ɗana, mai yana zuwa, wuta ma tana zuwa, lokacinsu ne bai haɗu ba. Bi wayoyin fulogi."

"Kawu, a jere suke."

"Wane jerin? Ɗaya, uku, huɗu, biyu. Ƙirga mini."

An musanya biyu tun kafin motar ta zo hannuna. Na mayar da su, na murza, injin ya kama da ƙarar da ta cika layinmu. Ina jin Kawu yana kiran yaran garejinsa su zo su ji.

Saura hukuma. Motar da mutum ya haɗa a gida ba ta hawa titin Birtaniya sai ta ci gwajin IVA, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009. Jami'in yana yawo da wani dunƙule mai faɗin milimita 100 a jikin motar, duk gefen da ya taɓa dole ya kasance a dakushe, don kada ya yanki mai tafiya a ƙasa. Ana auna ƙarar salansa da hayaƙi da gaskiyar agogon gudu, ana tabbatar da birkin baya ba ya riga na gaba kamawa. Ina ganin tsananin nan daidai ne, tun da na ga tsagar bututun birkin nan da idona. A nan jakar dattijon ta yi rana: hotunansa da nawa suka nuna ba kamfani ya haɗa ta ba, takardar Sierra ta nuna shekarun injin, da ita kuma hukumar rajistar motoci ta DVLA ta ba ni lamba mai shekarar tsohuwar motar.

Da lambar ta iso na tuƙa zuwa gidan dattijon. Shigarsa ta yi wuya, sai da ni da jikansa muka tallafe shi ya zura ƙafafu. Muka zaga ƙauyensu a hankali, da muka fito babban titi ya buga mini kafaɗa ya ce in sa giya ta uku in taka.